Gaya da Ajingi a Tsakanin Filayen Jirgin Sama Biyu

Garuruwan Gaya da Ajingi da ke gabashin Jihar Kano ba su da filin jirgin sama, amma Allah ya ajiye su a tsakanin manyan filaye biyu. Ta yamma akwai filin Malam Aminu Kano, wanda ya girme wa duk filayen jirgin saman Nijeriya. Ta gabas kuwa akwai na Dutse, babban birnin Jihar Jigawa, wanda aka buɗe a 2014. In an ja zare a miƙe daga wannan zuwa wancan, nisan kimanin kilomita 90 ne kawai. Daga garin Gaya zuwa filin Kano kimanin kilomita 55 ne a miƙe, zuwa na Dutse kuwa kimanin 35. Ajingi ma lissafinta bai yi nisa da wannan ba.

Wanda ya ji haka zai ce lalle mutanen wannan yanki nesa ta zo musu kusa. Amma da za a shiga kasuwa a tambayi waɗanda suka taɓa hawa jirgi daga Dutse, ban da masu zuwa aikin hajji, hannuwan da za a ɗaga ba za su yi yawa ba. To, ina dalili? Amsar tana cikin wannan lissafi na nisa. Filin jirgi yana ci yana sha ne gwargwadon nisan da ke tsakaninsa da sauran filaye. Nisa ne ya ɗaukaka filin Kano a zamanin dā, kusanci kuwa shi ke wahalar da na Dutse a yau. Ya kamata mu fahimci wannan, 'yan'uwa, gama da kuɗin jama'a ake gina filayen nan, da kuɗin jama'a kuma ake riƙe su.

Yadda ake auna nisa a sama

Da farko sai mu tuna cewa duniya a mulmule take kamar lemo, ba a shimfiɗe kamar tabarma ba. Kewayenta kimanin kilomita 40,000 ne. Masana sun raba wannan kewaye kashi 360, kowane kashi ana ce da shi digiri, kowane digiri kuwa daga kudu zuwa arewa ya kai kimanin kilomita 111. Kowane filin jirgi yana da lambobi biyu da ke nuna mazauninsa. Na Kano yana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, da kuma digiri 8 da rabi gabas da layin da ya ratsa Landan. Da irin waɗannan lambobi ake fitar da nisan da ke tsakanin kowane fili da wani.

Mai karatu yana iya gwada wannan a gida. Ka sami lemo ko duma, ka yi alama biyu a jikinsa, ka ja zare a tsakaninsu har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta. Amma in aka zana ta a taswirar takarda sai ta fito a lanƙwashe, shi ya sa ake ganin jirgin da ya tashi daga Turai zuwa Amurka yana bi ta can arewa wajen ƙasashen ƙanƙara. Matuƙan jirgi kuma ba da kilomita suke lissafi ba, sai da mil ɗin teku, wanda kowane ɗaya ya yi daidai da kilomita 1 da mita 852. Ya ɗara mil ɗin da muka sani a kan hanya, wanda yake kilomita 1 da mita 609.

Bisa ga wannan awo, daga filin Kano zuwa na Abuja kimanin kilomita 365 ne, zuwa na Legas kimanin 835. Zuwa Alƙahira kimanin 3,100 ne, zuwa Jidda kimanin 3,400, zuwa Landan kuwa kimanin 4,450. Masu ziyarar Urushalima sukan sauka a filin Ben Gurion da ke kusa da tsohon garin Lidda, wanda ke da nisan kimanin kilomita 3,500 daga Kano. Watau mai zuwa Makka da mai zuwa Urushalima, in daga Kano suka tashi, kusan tafiya ɗaya ce a gabansu.

Sai dai wannan awo shi ne mafi ƙanƙanta, ba lalle shi ne abin da jirgi zai ci ba. Akwai hanyoyin da aka tsara a sama waɗanda jirage ke bi, akwai iska mai turawa da mai tarewa, akwai kuma rigingimun ƙasashe. Miƙaƙƙiyar hanya daga Kano zuwa Jidda ta ratsa Cadi da Sudan ne, amma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka riƙa zagayawa. A watan Agusta na wannan shekara kuma sojojin da suka karɓi mulki a Nijar suka rufe nasu sararin har kusan wata guda, jiragen da ke zuwa Nijeriya daga Turai suka yi ta ɗaukar doguwar hanya. Kowane zagaye ƙarin mai ne, ƙarin mai kuwa a kan tikitin fasinja yake sauka.

Nisa ne ya raya filin Kano

Jiragen farko da suka sauka Kano guda 3 ne na sojan saman Ingila, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Sun bar Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba 1925, suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba. Tafiyar da jirgin zamani ke yi cikin ƙasa da awa 5, su kwana shida suka yi a kanta, suna ya da zango a Hartum da Alfashir da Fotlami, wadda yanzu ake kira Njamena. Duk da haka abin mamaki ne ga mutanen da suka san alhazai na shafe shekaru a wannan hanya ta gabas a ƙafa da kan jaki.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano, kafin shekarar ta ƙare ya miƙa har Legas. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, sai Kano ta zama babban zango. Ana kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su, su taso ta Legas da Kano da Maiduguri da Hartum har Masar. Tsakanin 1940 da 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya.

Bayan yaƙi ne Kano ta ci moriyar mazauninta sosai. Daga Amstadam ta ƙasar Holand zuwa Johanasbag ta Afirka ta Kudu kimanin kilomita 9,000 ne, jiragen farfela na wancan lokaci kuwa ba sa iya yin ta da shan mai ɗaya. Ga Kano a kusan tsakiya, kimanin kilomita 4,500 daga Amstadam, kimanin 4,750 kuma zuwa Johanasbag. Ban da haka, ita ce babban birni na farko da jirgi zai tarar bayan ya haye Hamada. Don haka kamfanin KLM na Holand, wanda ya fara zuwa a 1947, da BOAC na Ingila, da Sabena na Beljiyam mai zuwa Kwango, duk suka mai da Kano mashayarsu. Yadda ayarin raƙuma ke tsayawa a rijiyar da ke bakin Hamada, haka jiragen Turai ke tsayawa a Kano. Ba don son Kano suke yi ba, tilas ce ta nisa.

Tilas ɗin nan kuwa ba ta ɗore ba. Jirgin Boeing 707 ya shiga aiki a 1958, Boeing 747 ya biyo baya a 1970, jirage suka ƙara gudu da ƙarfin ɗaukar mai. Yau jirgi na tashi daga Amstadam ya sauka Johanasbag cikin kimanin awa 11 ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Da buƙatar shan mai ta kau, sai ya rage filin Kano ya dogara ga fasinjan da yankinsa ke iya bayarwa. Nan ma abubuwa suka taru masa. Abuja ta zama mazaunin gwamnatin tarayya a 1991 ta janye manyan matafiya, masana'antun Bompai da Sharada da Challawa da yawa suka durƙushe, kamfanin Nigeria Airways ya mutu a 2003, KLM kuma ya daina zuwa a 2012 bayan shekara 65. Abin da ya riƙe filin shi ne yawan jama'ar Kano, da 'yan kasuwarta, da masu zuwa hajji da umara.

Kilomita 90 sun yi kaɗan

An cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta 1991. Gwamna Sule Lamido ne ya gina filin Dutse, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe shi a watan Oktoba na 2014. Titin jirginsa ya kai kilomita 3, watau manyan jirage suna iya sauka. A 2023 gwamnatin tarayya ta sa masa sunan marigayi Sarkin Dutse, Nuhu Muhammadu Sanusi. Ta wajen gini ba a raina shi ba. Matsalar tana wajen maƙwabcinsa.

Jirgin fasinja na zamani yakan hau sama har kimanin kilomita 10, inda iska ba ta da kauri, ya yi gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa. A can ne yake samun sauƙin mai. Daga wannan tsawo kuwa, yakan fara gangarowa tun yana da saura kimanin kilomita 200 ya isa. Ke nan duk nisan da ke tsakanin Kano da Dutse bai kai rabin gangarowar jirgi ɗaya ba. Tashi da hawa su ne suka fi shan mai, kuma kowace sauka tana da kuɗinta na fili da na duba lafiyar jirgi. Saboda haka ba mai hankalin da zai sa jirgin haya tsakanin waɗannan filaye biyu.

To, in ba za su yi ciniki da juna ba, sai su yi takara a kan fasinja ɗaya. Mu ɗauki ma'aikaci daga Gaya da aka kira taro a Abuja. Dutse ta fi masa kusa, amma abin da zai fara tambaya shi ne, yaushe jirgi zai tashi, in kuma aka soke shi akwai wani a bayansa? A Kano akwai jirage da dama a yini, in wannan ya ƙi wancan zai tafi. Sai ya gwammace ya ƙara tafiyar rabin awa ko fiye a mota. Ko cikin Jigawa kanta, mutumin Kazaure in zai je Dutse sai ya ratso ta Kano, ya wuce fili ya tafi neman fili. Da fasinja suka yi kaɗan sai kamfani ya rage jirage, da jirage suka ragu sai fasinja su ƙara gudu. Wannan ne ya sa jigilar haya tsakanin Abuja da Dutse ta yi ta tashi tana tsayawa tun da aka buɗe filin.

A halin nan kuwa kashe kuɗi ba ya tsayawa. Ko jirgi ya zo ko bai zo ba, sai an biya 'yan kwana-kwana da masu gadi da masu kula da zirga-zirgar jirage, sai an kunna fitilu, an gyara shinge, an yanke ciyawa. Ba Jigawa kaɗai ke da wannan nauyi ba. Jihohi irin su Gombe da Bauci da Kebbi su ma sun gina nasu filayen, alhali kuwa mafi yawan masu hawa jirgi a Nijeriya ta Legas da Abuja suke bi. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Inda maƙwabci ke da rana

Kada mu yi wa filin Dutse rashin adalci, gama yana da amfaninsa. Alhazan Jigawa sun sami tashi daga gida, sun huta da cunkoson Kano. In an yi gaggawa, ko ta tsaro ko ta agaji, akwai inda babban jirgi zai sauka. Ban da wannan, ƙa'idar tafiyar jirgi ita ce matuƙi ya san wani filin da zai karkata in ya iske na gabansa ba hali, ya kuma ɗauki man da zai kai shi can. Fili na kusa yana rage wannan nauyi.

Mun ga misalin haka a 2017, sa'ad da aka rufe filin Abuja na mako 6, daga watan Maris zuwa Afrilu, domin gyaran titinsa. Aka mai da jirage Kaduna, mai nisan kusan kilomita 190, ana kwasar fasinja a mota da jirgin ƙasa. Yawancin kamfanonin ƙetare sun ƙi zuwa, amma na Habasha ya je, harkokin ƙasa kuma ba su tsaya ba. Ran da za a rufe titin Kano domin babban gyara, Dutse za ta iya yin wannan aiki.

Amma a nan ma kusanci yana rage ladan. Abin da ya fi hana jirage sauka a yankinmu shi ne hazon hunturu, wanda yawancin ƙurarsa ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi. Wannan ƙura tana rufe ɗaruruwan kilomita a lokaci ɗaya. Ran da ta rufe Kano, da wuya a iske Dutse garau.

Lissafi daga ƙofar gida

Kuskuren da matafiya da yawa ke yi shi ne su dubi lokacin da aka rubuta a tikiti su ɗauka shi ke nan tafiyar. Mu sake duba mutumin nan na Gaya mai zuwa Abuja. A kan kwalta, daga Gaya zuwa Kano kimanin kilomita 65 ne, ta Wudil. In ya haɗu da cunkoson gadar Wudil ran Juma'a, ranar kasuwa, da na Mariri da Hotoro, sai ya ware awa 1 da rabi ko 2 kafin ya ga ƙofar fili. Ana so ya isa aƙalla awa 1 kafin tashi. Jirgin zai yi ƙasa da awa 1 a sama. In ya sauka ya jira kayansa, ga kuma kusan kilomita 40 daga filin Abuja zuwa cikin gari. In an tara duka, a ƙiyasce awa 5 ne, in ba a jinkirta jirgin ba. Wanda ya bi mota tun daga Gaya, kimanin kilomita 500, zai yi awa 7 ko 8, da kuɗin da bai kama ƙafar na tikiti ba. Mutane da yawa da ke hawa jirgi zuwa Abuja tsoron hanya ne ya sa su, ba ƙwaɗayin sauri ba.

Zuwa Legas kuwa lissafin ya juya. Jirgi yana yin ta cikin kimanin awa 1 da rabi, mota kuwa sai ta ci yini da dare a kan fiye da kilomita 1,000. Zuwa Jidda ko Urushalima ba ma zancen kwatantawa. Abin lura a nan shi ne, gwargwadon tsawon tafiya, gwargwadon ribar jirgi. A gajeriyar tafiya hanya mai kyau ta fi shi. Ƙasar Faransa ma ta kafa doka a 2023 wadda ta hana wasu jiragen cikin gida tashi tsakanin biranen da jirgin ƙasa ke haɗawa cikin ƙasa da awa 2 da rabi.

Dattawanmu suna tune da ƙananan jiragen mishan na SIM da ke tashi daga Jos suna sauka a filayen ciyawa kusa da asibitoci da makarantu, suna ɗauko marasa lafiya da magunguna. Waɗannan gajerun tafiye-tafiye ne, amma sun biya buƙata domin a lokacin babu hanya, musamman da damina. Da kwalta ta yawaita sai buƙatarsu ta ragu. Jirgin gajeren zango maganin rashin hanya ne, in hanya ta samu sai ya koma gefe.

Haka yake ga kayan gona. Ana ta maganar mai da filin Dutse na ɗaukar kaya, kuma tunani ne mai kyau in an yi shi da lissafi. Jirgin sama ba ya biyan kuɗin kansa sai da kaya mai tsada mara nauyi, ko mai saurin lalacewa irin su ɗanyen kayan lambu da nama. Riɗi da zoɓorodo da gyaɗa suna jure doguwar tafiya, don haka tirela suke bi zuwa Legas su hau jirgin ruwa. Kafin manomin Ajingi ya amfana da jirgin kaya, sai an sami hanyar da za ta fitar da amfaninsa daga gona da wuri, da ɗakin sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa.

Abin da ya kamata mu nema

Duk inda muka juya maganar nan, hanyar ƙasa take komawa. An ba da kwangilar mai da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye tun 2006, kashinta na farko kuwa shi ne wanda ya taso daga Kano ta Wudil da Gaya zuwa Shuwarin kusa da Dutse. An shafe fiye da shekara 10 ana jan wannan aiki, mutane suna bin hannu ɗaya, ana ta samun haɗurra. Ita ce hanyar da ta haɗa filayen nan biyu, ita ce kuma ke kai mutumin Gaya ga kowanne daga cikinsu. A bayanta akwai hanyoyin ƙauyuka na ja-ƙasa da ke yankewa da damina. Ga mace mai naƙuda a wani ƙauyen Ajingi, kilomitocin da ke tsakaninta da asibitin Gaya su ne maganar rai da mutuwa, ba waɗanda ke tsakaninta da Landan ba.

Saboda haka, in masu neman ƙuri'a suka zo mana da alkawarin babban gini, ko filin jirgi ne ko waninsa, mu yi musu tambaya cikin ladabi. Nawa ne nisansa da irinsa da ke akwai? Su wane ne za su yi amfani da shi kowace rana? Daga wane aljihu za a riƙa biyan kuɗin riƙonsa? Filin Dutse an riga an gina shi, bai kamata a bar shi ya lalace ba. Abin da ya dace shi ne hukumomin Kano da Jigawa da na tarayya su raba wa filayen biyu aiki, kowanne ya riƙe abin da ya fi iyawa, su kuma kula da kwaltar da ke tsakaninsu yadda ake kula da titin jirgi.

Mu kuma matafiya, duk mai shirin hawa jirgi daga wannan yanki ya fara lissafinsa daga ƙofar gida. Ya tambayi halin hanya, ya tuna da ranar kasuwar Wudil, ya tuna da hazo in hunturu ne, ya fito da wuri don kada ya sa direba gudun ganganci. Haɗari ya fi yawa a kan kilomita 65 ɗin nan na kwalta fiye da dubban da ke sama. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.